Daular Katako

Hulunan suna jere a rana, kowace a kife a kan guntun katakonta, kamar taron mutanen da ƙasa ta haɗiye ta bar kawunansu a waje. Malam Babagana ya gama shafa wa ta ƙarshe sitati, yana goge hannu da tsumma, sai ya ji muryar Malam Bappayo daga ƙofar shagonsa na maganin dabbobi.

"Babarbare! Bar hulunan nan su sha rana, zo in ci ƙasarku."

"Kakanninka ma sun gwada," in ji Babagana, bai ko juyo ba.

"Gwadawa? Daga nan Katagum suka ɗaura sirdi, ba su sauka ba sai cikin Birnin Gazargamu."

"Sun shiga, gaskiya ne. Tambayi tsofaffinku da wace irin tafiya suka dawo."

Alhaji Gali, wanda ya baro ofishinsa na ƙaramar hukuma tun bayan azahar, ya yi dariya har da buga cinya. Wasan Fulani da Barebari ne, ya girme su duka ukun, kuma shi ne ya fara haɗa mutanen biyu. Shekara goma da wani abu ke nan da Babagana ya sauka a tashar Azare daga Barno, shi da matarsa Ya Gana da ƙullin kaya ɗaya. Bappayo, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, ya gan shi yana neman inuwar da zai kafa sana'ar wankin hula, ya ce masa, "Zauna ƙarƙashin darbejiyata. Ai bawa a ƙofar ubangidansa yake zama." Tun daga ranar ba su rabu ba.

A kan tabarma Bappayo ya buɗe wani faffaɗan kwali. Ɗansa Fahad ne ya zo da shi daga Turkiyya inda ya yi karatu, ya kwashe hutun Sallah yana koya wa uban, sannan ya koma bakin aikinsa a Abuja ya bar tsohon da jarabar. Sunan da ke jikin kwalin ya ƙi zama a bakin kowa, don haka suka raɗa masa Daula.

Ba dara ba ce, ba kuma lido ba. Wasu fale-falen kwali ne masu kusurwa shida da ake jerawa a kife har su cika tsakiyar tabarma. Kowane ɗan wasa yana da gari ɗaya a can gefe, sauran duniya kuwa duhu. Idan wasa ya zo kanka sai ka tura ɗan aike ya buɗe falle ɗaya: ko daji, ko kogi, ko fadama, ko dutsen ƙarfe, ko wani ƙauyen da ba shi da sarki. Ka kafa ƙananan gidaje na katako, ka tara hatsi, hatsi ya haifi mayaƙa, mayaƙa su ƙara maka ƙasa. Idan runduna biyu suka haɗu sai a jefa ƙwaya irin ta lido. Wanda ya rage shi kaɗai a kan taswirar, shi ne mai daula.

Bappayo ya ɗauki jajayen katakai, Gali ya ɗauki shuɗɗa, aka bar wa Babagana masu ruwan ɗorawa.

Tun ranar farko aka ga irin nasa wasan. Da zarar ɗan aikensa ya buɗe kogi, shi ke nan, ya daina yawo. Sai ya jera gidajensa a bakin ruwan, ya sa rumbu daga gabas, ya bar wani fili a tsakiya ba ya gina komai a kai.

"Wannan filin fa?" Gali ya tambaye shi. "Ɓarnar wuri kake yi."

"Kasuwa ce."

"Babu kasuwa a dokar wasan nan."

"To, garin da babu kasuwa gari ne?"

Hatsinsa ya fi na kowa yawa, amma ko mayaƙi ɗaya ba ya ajiyewa. Kullum shi ake fara cinyewa. Sai ya koma wajen hulunansa, ya bar su biyun suna ta musu a kan dutsen ƙarfe har a kira magariba. Bai taɓa nuna damuwa ba. Cewa yake yi shi dai ya yi noma ya girbe, sauran kuma na masu ƙarfi ne.

Wata la'asar, a farkon damina, Bappayo ya gangaro da jajayen mayaƙansa ta bakin kogi. Ya jefa ƙwaya, ta ba shi. Ya sa tafin hannu ya share gidajen Babagana gaba ɗaya, ya zuba su cikin kwali, suka yi ƙwaras. Babagana bai tashi kamar yadda ya saba ba. Ya zuba wa bakin kogin ido, inda babu abin da ya rage sai zanen ruwa.

"Mutanen ciki fa?" ya ce.

"Waɗanne mutane?"

"Na garin. Ka kwashe gidajen. Su kuma ina suka nufa?"

"Fahad ya ce nawa suke zama, su yi mini noma," in ji Bappayo yana dariya. Sai ya ɗaga kai ya ga fuskar abokinsa, dariyar ta tsaya.

Babu wanda bai san labarin Kurnari ba a ƙarƙashin darbejiyar nan. Mantawa kawai suka yi, yadda ake manta ɗingishin aboki idan an daɗe ana tafiya tare. Kurnari garin su Babagana ne, a bakin wani rafi a arewacin Barno, da kasuwarsa a tsakiya. Ranar kasuwar ce mutanen daji suka shigo a kan babura. Babagana da Ya Gana sun tsira ta cikin gonakin dawa. Ɗansu Jaji, mai shekara goma sha shida, ba ya gida a lokacin, kuma ba su sake ganinsa ba. "Kama shi suka yi," haka Babagana yake faɗa wa duk wanda ya tambaya. A sansanin 'yan gudun hijira wata maƙwabciyarsu mai suna Kaltum ta ce ta hango yaron a bayan babur, kuma hannuwansa ba a ɗaure suke ba. Babagana bai sake amsa gaisuwarta ba har suka bar sansanin.

Bappayo ya fara tattara fale-falen. "Malam, na yi wauta. Gobe zan aika wa yaron nan kwalinsa."

"Kada ka aika," in ji Babagana. "Ku ci gaba da abinku. Ni zan riƙa kallo."

Ya kuwa kalla. Makonni yana zaune a gefen tabarma, da hula a hannu yana tsintar zaren da ya tashi, idonsa a kan taswira. A ƙuruciyarsa ya buga dara, ba laifi, kuma tsohon idon nan ya fara dawowa. A hankali ya gane gari ba a bakin ganuwarsa yake faɗuwa ba. Can nesa yake fara mutuwa, ranar da aka datse hanyar da hatsi ke bi, alhali mai garin yana nan yana ƙara wa ganuwa tsawo. Ya gane kowace daula, kome girmanta, tana da wani lungu da mai ita ya manta da shi. Gano lungun ne wuya. Wani lokaci sai wasa ya kusa ƙarewa sannan ya hango shi, ya cije leɓe.

Ranar da ya miƙa hannu ya ce a ba shi katakansa, Bappayo ya dube shi da kyau.

"Ka tabbata?"

"Ba ni kayana, Bafulatani."

Bai tsaya a bakin kogi ba. Ya tsallake, ya buɗe daji, ya buɗe dutse, ya tarar da wani ƙauyen da ba shi da sarki. Ya tura mayaƙa uku. Da ya ɗaga ɗan gidan katakon ya ɗora nasa a wurin, ya saurari jikinsa ya ji ko wani abu zai motsa. Akuyar maƙwabta ta wuce tana kuka, wani ɗan acaba ya tsaya sayen maganin tsutsar ciki na tumaki. Babu abin da ya faru.

Kafin gero ya fitar da kai, Babagana ya zama dodon tabarmar. Gali ya daina yi masa dariya. Bappayo ya riƙa kiran Fahad a waya yana tambaya ko akwai wata dokar da ya manta bai koya masa ba.

A gida ma an ga canji. Ya Gana, wadda ke haɗa turaren wuta tana sayar wa masu aurar da 'ya'ya, ta ga kwanon tuwo yana dawowa a suɗe. Mutumin da tun zuwansu Azare ba ya wuce loma biyar, yanzu har ƙari yake nema. Barcin da ya ƙaurace masa shekara da shekaru ya dawo, sai kiran assalatu ke tashinsa.

"Malam," ta ce masa wata safiya, "ko Bafulatanin nan ya fara ba ka maganin shanunsa ne?"

Ya yi murmushi. Bai faɗa mata cewa jiya a masallaci liman ya yi sallama alhali shi yana can yana zagaye garin Gali ta bayan dutse ba, har sai da na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa.

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Suka kwashe tabarma suka shige shagon Bappayo, cikin warin maganin kaska da na gishirin shanu. Tun daga farko Babagana ya ƙulla amana da Gali a kan su haɗu su raba ƙasar jajaye. Gali ya kwashe mayaƙansa ya tura gaba. Da ya yi nisa, Babagana ya juyo ta bayansa ya cinye masa gari.

"Haba Malam! Amanar fa?"

"A wace doka aka rubuta ta?"

Saura Bappayo. Dokar wasan ta ba mutum zaɓi idan ya kama rumbun abokin gaba: ko ya riƙe ya ci amfaninsa sannu a hankali, ko ya ƙone shi nan take. Babagana ya ƙone na farko, ya ƙone na biyu. Jajayen mayaƙa suka fara zubewa saboda yunwa tun ba a taɓa su ba.

"Babarbare, ka ji tsoron Allah," in ji Bappayo, rabi wasa rabi gaske. "Bar mini ko ruga ɗaya in sa iyalina."

Babagana ya jefa ƙwaya. Ya miƙa hannu ya dunƙule jajayen gidajen duka a tafinsa.

Sai aka yi dariya. Gajeriya ce, ta hanci, sau biyu a jere kamar shaƙuwa.

Ya waiga ƙofa da sauri. Ya san dariyar nan. A kasuwar Kurnari, ƙarƙashin rumfar mahauta, haka Jaji yake yi duk lokacin da ya cinye wa wani dattijo 'ya'yan dara. Yaro ne ƙarami a lokacin, amma babu mai iya kayar da shi, kuma Babagana yakan tsaya a bayansa yana duban fuskokin mutane, ransa fari, yana cewa, "Nawa ne." A ƙofar shagon babu kowa, sai ruwan da ke zuba daga indararo. Ya dubi Bappayo, ya dubi Gali. Su ma shi suke kallo. Ƙirjinsa bai gama motsin dariyar ba.

Ya buɗe hannu. Kusurwoyin gidajen sun bar masa sawu a tafi.

Bai jira ruwan ya tsaya ba. Yana tafiya cikin taɓo, rigarsa ta manne masa a baya, yana laluben zuciyarsa ko zai sami ƙiyayyar Bappayo, ko da ƙanƙanuwa ce. Bai samu ba. Mutumin da ya ba shi inuwa ne, wanda ya kwana biyu a asibiti tare da shi lokacin da Ya Gana ta yi zazzaɓi mai tsanani. Lokacin da yake ƙone masa rumbuna bai ji haushinsa ba, bai ma tuna da shi ba. Daɗi kawai ya ji, mai sanyi, kamar ruwan randa a bazara. Shekara goma ya yi yana tambayar kansa laifin da Kurnari ta yi wa mutanen da suka shigo ranar kasuwa. Yana isa ƙofar gida ya dafa bango, ya amayar da abin da ke cikinsa.

Washegari ya ce bayansa ke ciwo, ba zai iya zaman tabarma ba. Ya juya wa wasan baya, ya duƙufa a kan huluna. Amma dariyar ta ƙi barinsa. Yakan ji ta a cikin tarin wani mai wucewa, a ƙarar babur ɗin da ya ƙi tashi. Wani lokaci sai ya dafe bakinsa ba tare da ya yi niyya ba. Kwanon tuwo ya koma dawowa da saura.

Ana cikin kaka, da hantsi, wayar Ya Gana ta yi ƙara. Ƙanenta Abbas ne daga Maiduguri. Babagana yana shirin fita ya ga ta saki ludayin da take juya turare da shi, ta zame ta zauna a ƙasa, sannan ta kifa goshinta a kan simintin tsakar gida. Ya ɗauki wayar.

Jaji yana da rai. Yana cikin waɗanda suka fito daga daji suka ajiye makamai. Ya daɗe a wani sansanin hukuma ana tantance su, yanzu an sallame shi, ana neman danginsa da za su karɓe shi.

"Ka gan shi da idonka?" in ji Babagana.

"Na gan shi, Yaya. Ya rame. Yatsu biyu na hannunsa na hagu babu."

"Ya faɗa maka yadda aka yi suka kama shi?"



"Bai faɗa ba. Ni ma ban tambaya ba."

Ya Gana ta tashi, ta share fuska da gefen mayafi, ta shiga ɗakin da take ajiye kwalaben turare ta fara fitar da su waje ɗaya bayan ɗaya. Babagana ya tsaya a bakin ƙofar yana kallonta. Turaren da ta bari a wuta ya fara ƙauri.

"Ya Gana."

"Na'am. Gobe ka nemo mai gyaran tagar nan, sauro na shigowa."

"Idan da ƙafarsa ya tafi fa?"

Ba ta daina abin da take yi ba. Ta ajiye kwalbar da ke hannunta a jikin bango, ta gyara mata zama.

"Da safiyar ranar na shiga ɗakinsa ɗaukar tsintsiya," ta ce. "Takalminsa na Sallah ba ya nan, da bargonsa. Wanda za a kama ba ya naɗe bargo, Malam."

"Kin sani. Duk shekarun nan."

"Kai ma ka sani. Da ba ka sani ba, da ba ka yi gaba da Kaltum ba."

Ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya so ya faɗa mata abin da ya faru a shagon Bappayo, ya ce mata ya ɗanɗana abin da yaron ya ɗanɗana, da katako ma kawai, kuma wanda ya ɗanɗana shi da wuya ya manta. Bai san ta inda zai fara ba.

"Ba ki san abin da hannunsa ya yi ba," ya ce.

"Ban sani ba. Allah ya sani, shi zai tambaye shi." Ta juyo ta dube shi. "Da ƙafarsa ya tafi, da ƙafarsa kuma ya fito. Ni ta biyun nake kallo. Idan ba za ka je ba, ka faɗa mini tun yanzu in nemi mota."

Da la'asar ya faɗa wa abokansa. Bappayo ya ce, "Allahu akbar," ya kama hannunsa ya riƙe. Gali ya ajiye shuɗin mayaƙin da ke hannunsa, ya cire tabarau ya goge.

"Nan zai zauna? A Azare?"

"Ba shi da wani gidan."

"Malam, ka san shekarar da bam ya tashi a garin nan. Ƙanena ya fita gyaran waya. A cikin zani muka kwaso shi." Ya mayar da tabaran. "Ka ce kama yaron aka yi."

"Haka nake faɗa."

"Haka kake faɗa, ko haka ne?"

Babagana ya sunkuyar da kai.

"Munyal, Alhaji," in ji Bappayo a hankali, da Fulatanci. "Haƙuri."

"Na yi haƙuri shekara goma, babu wanda ya roƙe ni." Gali ya tashi, ya sa takalmi, ya tafi ya bar daularsa a shimfiɗe. Bappayo ya tattara kwalin ya ɗora a saman kanta, bayan buhunan dusa.

Babagana ya je Maiduguri ya dawo da ɗansa. A mota ba su yi maganar da ta wuce ta ruwan sha da ta sallah ba. Jaji ya fi uban tsawo yanzu, da ɗan gemu mara cika, da idanun da ba sa tsayawa a fuskar mutum. Ba ya zama sai inda yake ganin ƙofa. Yakan ci abinci da sauri, hannunsa mai yatsu uku a zagaye da kwanon. Uwar ta turare gidan har maƙwabta suka tambaya ko biki ake yi. Da ta ba shi labarin mutanen Kurnari, wane ya rasu, wance tana Damaturu, sai ya gyaɗa kai kawai.

Bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Babagana ya kama kansa yana kasa kunne, bai kuma san ko jiranta yake yi ko tsoronta ba.

An sanar da mai unguwa, ya ce to, Allah ya shirya, amma a sa ido. Wasu daga cikin masu kawo wanki suka karɓe hulunansu tun ba su bushe ba. Wani mai shayi ya daina amsa sallama. Bappayo ne kaɗai ya ce yaron ya riƙa zuwa yana taya ubansa aiki, tunda darbejiyar tasa ce. Jaji ya zama shi ke ɗebo ruwa daga famfon bayan kasuwa, jarka biyu a hannu, kansa a ƙasa.

Sai bayan an gama girbin wake Gali ya sake bayyana. Ya yi sallama kamar jiya ya bar wurin, ya zauna a inda ya saba zama.

"Malam Bappayo, ina kwalin nan? Ko ɓeraye sun ci daular?"

Bappayo ya dubi Babagana, sannan ya shiga ya sauko da shi, ya kaɗe ƙura. Suka jera fale-falen. Gali ya turo katakai masu ruwan ɗorawa gaban Babagana.

"Wasan ba ya daɗi da mutum biyu."

Babagana ya karɓa. Wanda ya dawo da ƙafarsa bayan irin wancan tashin, ba a ce masa a'a. Ya yi wasan da rabin zuciya, ya buɗe daji biyu, ya tsaya. Gali kuwa ya zage. Kafin inuwa ta kai bakin titi shuɗɗan katakai sun mamaye fiye da rabin tabarmar, ga ganuwa, ga mayaƙa jere a kowace iyaka. Babagana ya duba ta ko'ina bai ga ƙofa ba, kuma ya ji daɗin rashin ganin.

A lokacin ne Jaji ya iso da jarkokinsa. Ya ajiye su, ya durƙusa daga nesa ya gaishe da manya.

"Kai ne Jaji?" in ji Gali.

"Ni ne, Alhaji."

"Matso."

Ya matso har bakin tabarma, yana durƙushe. Gali ya daɗe yana kallon hannun nan mai yatsu uku.

"Babanka ya gaji, ga shi ana cinye shi. Zo ka karɓar masa. Wasan cin garuruwa ne." Ya ɗan dakata. "An ce ka san harkar."

"Alhaji," in ji Bappayo.

"Wasa ne, Malam. Ba wasa muke yi ba?"

Jaji ya sauke idonsa kan taswirar, don babu wani wurin da zai sa shi. Babagana yana kallon idon. Baƙo idan ya ga wasan nan karon farko, launuka yake bi, ya tambayi mene ne wannan, mene ne wancan. Idon Jaji bai yi yawo ba. Ya bi kogin ya haura, ya tsallake ganuwa da jerin mayaƙan kamar ba su nan, ya sauka a kan wata 'yar fadama a bayan babban garin Gali, inda hanyoyin hatsi guda biyu suka haɗu. Ya tsaya a nan kamar ƙiftawa ɗaya, sannan ya kau da kai.

Babagana ya dubi fadamar. Tun farkon wasan yake zaune a gabanta bai gan ta ba. Yanzu ya ga duk shuɗiyar daular a rataye a jikinta, kamar ƙyauren da ƙusa ɗaya ta riƙe.

"Ban iya ba, Alhaji," in ji Jaji.

"Ba ka iya ba."

"Ban iya ba."

Gali ya gyaɗa kai a hankali. Jaji ya ja da baya, ya miƙe, ya ɗauki jarkokinsa ya zagaya bayan bishiya. Suka ji yana tsiyaya ruwa a baho.

Bappayo yana riƙe da ƙwayar bai jefa ba. Gali ya daɗe yana duban tabarmar, haɓarsa a kan hannu. Can ya miƙa yatsu biyu, ya janyo mayaƙa biyu daga bakin ganuwa, ya tura su sannu a hankali har kan 'yar fadamar da idon Jaji ya tsaya a kai.

Wasa bai zo kansa ba tukuna. Babu wanda ya ce masa komai.